Marigayi Farfesa Oyawoye da Duwatsun Bauchi

Duk ɗalibin da ya karanta ilmin duwatsu da ma'adinai a jami'o'in Nijeriya, ba makawa ya ci karo da sunan wani dutse da ake kira bauchite. Garin Bauchi ne ya ba dutsen suna, amma wanda ya raɗa masa sunan mutumin Offa ne, watau marigayi Farfesa Mosobalaje Oyawoye.

An haife shi a shekarar 1927. Ya yi digirinsa na farko a Amurka, sa'an nan ya wuce Jami'ar Durham ta Ingila, inda ya sami digirin dakta a 1959. Bincikensa kuwa a kan duwatsun da ke kewayen Bauchi ya yi shi.

Tun a 1911 wani Bature mai suna Falconer ya wallafa littafi game da duwatsun Nijeriya ta Arewa, to amma Oyawoye ne ya tsaya ya ƙwanƙwance wannan dutse mai duhun kore. Abin da ya sa masana suka mai da hankali gare shi shi ne, bisa al'ada ma'adinin olivine ba ya zama tare da quartz a dutse guda. A nan sai ga su tare, domin irin olivine ɗin da ke ciki, wanda ake kira fayalite, ƙarfe ya yi masa yawa. Shekarun dutsen sun kai wajen miliyan 600.

A 1960 ya kama aikin koyarwa a Jami'ar Ibadan, a 1966 kuma ya zama farfesa, Banijeriye na farko da ya kai wannan matsayi a fannin. A lokacin nan Turawa ne ke riƙe da yawancin aikin binciken ma'adinai a ƙasar, saboda haka ya duƙufa ga horar da 'yan ƙasa da za su gaje su.

A 1977 ya ajiye aiki, don nuna rashin amincewa da katsalandan ɗin gwamnatin soja cikin harkokin jami'a. Ya gwammace ya bar kujera da ya zauna a kanta ba 'yancin yin aikinsa. Wannan abin lura ne ga malamai da ma'aikatan gwamnati baki ɗaya.

Ya rasu a watan Mayu na 2023 yana da shekara 95. Allah ya jiƙansa, ya sa ilmin da ya bari ya zame masa sadaka mai gudana.