Daga Hada Al-Sham Zuwa Kadawa: Tarihin Alkama da Ruwa

'Yan uwa ɗalibai, ina birnin Jidda, inda nake karatun digiri na biyu a fannin noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a Jami'ar Sarki Abdul'aziz. A zangon karatun da ya gabata an tura mu horon aiki a tashar binciken noma ta jami'ar da ke Hada Al-Sham, tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya arewa maso gabas da Jidda. Tsarin horon shi ne kowace rana a ɗora wa ɗalibi ɗaya jagorancin sauran, shi zai raba aiki, shi zai yanke shawarar yawan ruwan da za a sakar wa kowane fangali, kuma shi zai amsa tambaya da yamma.

Ranar da abin ya faɗo kaina na ga ganye ya yi yaushi da tsakar rana, sai na sa aka ƙara ruwa, kamar yadda na saba gani a gida. Da yamma malaminmu bai yi mini faɗa ba. Tambayata kawai ya yi ko na san daga ina ruwan ya fito, da kuma shekara nawa zai ɗauka kafin ya dawo. Na yi shiru. Wannan tambaya ce ta sa na koma karanta tarihi, kuma abin da na samu shi nake so in ba ku.

Shi dai birnin Jidda tun asali da ƙishirwa ya tashi. A shekarar 1907, zamanin Turkawa, aka kafa injin tace ruwan teku da mutanen gari suka sa wa suna Kindasa. Sai a 1947 aka jawo ruwa ta bututu daga Wadi Fatima, kwarin da ya daɗe yana ciyar da Makka da Jidda da kayan lambu. Wato mutanen wannan ƙasa sun san darajar ruwa tun kaka da kakanni.

Amma da kuɗin mai suka zo a shekarun 1970, sai gwamnati ta ƙuduri aniyar ciyar da ƙasar da alkamar da aka noma a cikinta. Aka raba filaye kyauta, aka ba da rance marar ruwa, hukumar rumbunan hatsi kuma ta riƙa sayen kilo ɗaya a kan riyal uku da rabi, farashin da ya ninka na kasuwar duniya sau da yawa. Aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfin gaske a Ƙasim da Ha'il da Tabuk da Wadi Dawasir. Duk wanda ya taɓa leƙawa ta tagar jirgi ya ga waɗansu koraye-korayen da'irori a tsakiyar rairayi, to su ne gonakin. Zuwa 1984 Saudiyya ta wadatu da alkama, a 1992 kuwa abin da ta noma ya haura tan miliyan 4, har ta shiga sahun manyan masu sayar da alkama a duniya.

Matsalar ita ce ruwan da ake zuƙowa ya taru ne a ƙarƙashin ƙasa dubban shekaru da suka wuce, lokacin da ake samun damina a yankin, kuma ɗan ruwan saman da ake yi yanzu ba ya mayar da shi. Rijiyoyi suka yi ta ƙara zurfi, waɗansu idanun ruwa suka ƙafe. A 2008 gwamnati ta sanar cewa za ta riƙa rage sayen alkamar gida kowace shekara har ta daina a 2016. Daga baya an sake ba ƙananan manoma izini, amma bisa ƙa'ida da iyaka. Ƙasar ta koma saye daga waje da zuba jari a kamfanonin abinci na duniya. A 2022 kamfanin gwamnatin Saudiyya mai suna SALIC ya sayi fiye da kashi ɗaya bisa uku na Olam Agri, wanda a ƙarƙashinsa masana'antar fulawar Dangote take tun da Olam ya saye ta a 2019. Kun ga ke nan burodin da ake ci a Kano ma bai rasa alaƙa da wannan labari ba.

Da nake karanta wannan sai na tuna gida, domin ni ɗan ƙasar Kura ne, kuma a gonar rani ta Kadawa na girma. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sunanta ma daga Larabci ya zo, kuma kakanninmu sun noma ta a fadamu da jigo, suna yin alkaki da gurasa da taliya. Abin da ya zo sabo shi ne noma ta da yawa don burodi. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga, aka kammala a 1974, aka jawo ruwa zuwa Kadawa. A Bakolori ta ƙasar Talata Mafara an kammala madatsa a 1978, amma da yake ba a sasanta da manoman da aka karɓi gonakinsu ba, sai suka tare hanyoyi, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka.

A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama. Mahaifina yakan ba mu labarin shekarun nan, yadda aka zo da iri da taki, kowa ya bar tumatir ya rungumi alkama. Sai dai ita alkama sanyin hunturu take so, in an makara da shuka zafin Maris ya riske ta tana fitar da kai, sai tsaba ta ƙi cika. Abin da aka noma bai kai ko kusa da buƙatar masana'antun fulawa ba, fasa-ƙwauri ya yawaita, a 1992 aka ɗage dokar. Baba ya ce a shekarar da ta biyo baya sai da ya sayar da bijimi kafin ya biya bashi. Saudiyya ruwa ne ya ƙare mata, mu kuma manufa ce ta canja ba tare da an tambayi manomi ba.

To ina masana suke? Ai muna da Samaru. Tun 1922 Turawa suka kafa tashar bincike a can, hankalinsu na kan auduga da gyaɗa, kayan da jirgin ƙasa ke kwashewa zuwa teku. A 1962 tashar ta zama cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello. Shekara da shekaru malaman gona na ce wa manomi ya daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, shi kuma yana ƙi, ana kiransa mai taurin kai. Sai a tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arziki mai suna David Norman da abokan aikinsa suka zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suka riƙa rubuta aikinsu da amfaninsu. Sakamakon ya nuna cewa haɗa amfanin gona ya fi riba a fili ɗaya, kuma in ɗaya ya lalace ɗaya zai tsira. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta shafe gonaki, wanda ya dogara da gyaɗa kaɗai shi ya fi shan wuya. Daga Samaru ɗin ne kuma aka fito da ire-iren gyaɗa na SAMNUT masu jure cutar.

Abin da na fahimta daga tarihin ƙasashen biyu shi ne, matsalar ba ta rashin ilimi ba ce. Lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa ba boyayye ba ne, haka ma lokacin shukar alkama. Abin da yake wuya shi ne a sami jagoran da zai tsaya ya ce a dakata alhali kowa na tafi. A Hada Al-Sham na ga ana gwada ban ruwa na ɗigo-ɗigo da amfanin gona masu jure gishiri, ana auna ruwa kamar magani. Mu kuwa a gida rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana sai ƙaruwa suke yi a fadamunmu, kuma da yake rana ba ta da kuɗin mai, babu abin da zai tuna wa manomi ya kashe inji.

Da yawa daga cikinmu za mu koma gida da takardun digiri, wataƙila a ɗora mu kan wani shirin noma mai kuɗi. Shawarata gare mu ita ce, kafin mu sa hannu mu tambayi abu biyu: daga ina ruwan zai fito, kuma me manomin da za a yi aikin a gonarsa ya ce? Ni dai na yi wa kaina alkawari, in na sauka Kano, kafin in kai takarduna kowane ofis, zan ɗauki littafi da biro in zauna gaban Baba ya sake ba ni labarin 1987 daga farko.