Ɗaliban Kwalejin Gordon da Fam Biyu da Rabi

Da Turawan Ingila suka buɗe Kwalejin Gordon a Khartoum a 1902, malaman ofis da ƙananan ma'aikata suke son ta yaye musu. Burin ɗalibin ajin ƙarshe bai wuce kujera a ofishin gwamnati da albashin fam 8 a wata ba.

A 1931, bayan tattalin arzikin duniya ya karye, gwamnati ta zabge albashin sababbin ma'aikata 'yan ƙasa zuwa fam 5 da rabi. Ɗalibai suka ce ba su san zancen ba, suka ƙaurace wa azuzuwa. Sai da manya irin su Sayyid Abdurrahman al-Mahdi suka shiga tsakani, aka daidaita a kan fam 6 da rabi. Ƙarin bai taka kara ya karya ba, amma samarin sun gane bakinsu na da nauyi.

A tsallaken kogi, a Omdurman, tsofaffin ɗalibai na da kulob tun 1918. Can aka kafa babbar ƙungiyarsu a 1938, Isma'il al-Azhari, malamin lissafi, ya zama sakatare. Suka riƙa tara gudummawa suna buɗe makarantun al'umma. A 1942 suka miƙa wa gwamnati buƙatu 12, ciki har da ware wa ilimi aƙalla kashi 12 cikin 100 na kasafin kuɗi, da bai wa Sudan 'yancin zaɓar makomarta. Turawa suka yi fatali da takardar.

Azhari ya zama firayim minista a 1954, kwalejin kuma ta koma Jami'ar Khartoum a 1956.