TAƘAITACCEN TARIHIN NA'URAR NUMFASHI TA MASU NUTSO

Nutso ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Sarkawan Kabi sun daɗe suna nutsewa a kogi, har ma a bikin kamun kifi na Argungu akan yi gasar daɗewa ƙarƙashin ruwa. To, amma gwaninsu iyakarsa iskar da ƙirjinsa ya ɗauka. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne bayyana yadda aka samu na'urar da ta kau da wannan iyaka, da abin da ya sa wani irinta ya yi ƙarko.

Mai nutson zamani yakan goya tukunyar ƙarfe wadda aka danƙara wa iska, ƙarfinta ya kai ninki 200 na iskar da mu ke shaƙa. In ya zuƙe ta haka, huhunsa zai fashe. Saboda haka sai an sa na'ura ta rage ƙarfin zuwa wajen ninki 10, sa'an nan wata ta bakinsa ta riƙa ba shi gwargwadon zuƙarsa.

A Faransa abin ya faro. Cikin 1860 Benoit Rouquayrol ya ƙera na'urar ceton masu haƙar ma'adinai, cikin 1864 kuma shi da wani hafsan jirgin ruwa, Auguste Denayrouze, suka mai da ita ta nutso. Cikin 1943 Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan suka fito da Aqua-Lung, wadda ta game duniya. Waɗannan duka da fata mai motsi su ke aiki, kamar marufin ganga.

Cikin 1963 kamfanin Scubapro na Amurka ya fito da Mk2, wadda ke aiki da fistin. Duk bakaniken da ke Unguwar Shanu zai gane ta da kallo ɗaya: fistin guda, sifirin guda, sai zobban roba masu tare iska, cikin gidan tagulla. Ƙarancin kayan cikin nan shi ne asirin ƙarkonta, don abin da babu shi ba ya lalacewa. Har yau ana ƙera jikokinta, makarantun koyon nutso kuwa suna son ta don sauƙin gyara.

Amma fa mai karatu ya lura, tana da lagonta. A yawancin masu fistin ruwa yana shiga wajen sifirin, don da haka ne na'urar ke sanin zurfi. A teku gishiri ke shiga. A ruwa irin na kogin Kaduna da damina kuwa, laka da yashi. Yashi ya karce ƙarfe, roba ta cinye, iska ta soma zuba. Zafi ma yakan busar da robar ko tana ajiye. Maganinsa shi ne a toshe mashigar iska a ɗauraye ta da ruwa mai tsabta bayan kowane nutso, a ajiye ta a inuwa, gwani kuma ya kwance ta ya sake zobba duk shekara ɗaya ko biyu.

Mota in ta mutu sai a sauka a tura. Mai nutso kuwa, in zoben roba ya ci amanarsa a ƙasan kogi, ba shi da bakin hanyar da zai raɓe.