Kwana Biyu a Birnin Sarayebo

Jama'a, akwai garuruwan da sai an buɗe littafi ake sanin tarihinsu, akwai kuma waɗanda tarihinsu ke rubuce a jikin bango, mai tafiya da ƙafa ya karanta. Sarayebo, babban birnin Bosniya a yankin Balkan na kudu maso gabashin Turai, yana cikin na biyun. Gari ne matsattse cikin kwari, duwatsu sun yi masa zobe, wani ɗan kogi wai shi Milyatska ya ratsa tsakiyarsa. Kwana biyu sun ishi baƙo ya zaga shi, amma abin da zai gani aikin shekara fiye da 500 ne.

Ranar farko sai a fara da tsohuwar kasuwa, watau Bashcarshiya, inda maƙeran jan ƙarfe ke ta ƙwanƙwasa butoci da farantai. A nan Isa Beg, wani hakimin Daular Usmaniyya ta Turkawa, ya kafa garin wajen 1462. Sunan ma daga "saray" ya fito, watau fada da Turkanci. Bayansa aka yi Gazi Husref Beg, wanda ya gina babban masallaci a 1531, da makaranta da ɗakin littattafai a 1537, ya bar su waƙafi. Cikin littattafan akwai kofen Ihya'u na Imamu Gazali wanda aka rubuta da hannu shekara fiye da 900 da suka wuce. Daura da masallacin akwai hasumiyar agogo mai ban mamaki, gama ƙarfe 12 nata shi ne faɗuwar rana, don haka sai an riƙa gyara ta da hannu.

Daga masallacin, tafiyar 'yan mintoci za ta kai mutum majami'ar Yahudawa ta 1581, ta zuriyar waɗanda aka kora daga Andalus a 1492, da tsohon cocin Otodoks, da babban cocin Katolika na 1889. Kun ji addinai huɗu a unguwa guda, kowa da ɗakin ibadarsa, kasuwa kuwa ɗaya.

To, amma gini da wuya, rushewa da sauƙi. A 1697 Yarima Yujin, sarkin yaƙin Ostiriya, ya faɗa wa garin ya cinna masa wuta, aka daɗe ba a farfaɗo ba. A 1878 Ostiriya ta karɓi mulkin ƙasar daga hannun Turkawa. Shi ya sa in baƙo ya bi titin Farhadiya zai ga rumfunan Turkawa sun ƙare, benayen Turawa sun fara, kamar an ja layi.

Rana ta biyu sai a sauka bakin kogi, wurin wata 'yar gada da ake kira Gadar Latin. A kusurwar nan, ran 28 ga Yuni 1914, direban motar Farans Fadinan, yarima mai jiran gadon Ostiriya, ya yi kuskuren hanya, ya tsaya zai juya. Ashe a gaban wani saurayi ɗan shekara 19 ya tsaya, Gabrilo Firinsif, mai ƙin mulkin Ostiriya. Ya harbe yarima da matarsa Sofi. Wata guda bayan haka Ostiriya ta ɗaura yaƙi da Sabiya, manyan dauloli kowa ta bi bayan ƙawarta, Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Kada mu ce abin nesa ne. Saboda harbin nan ne sojan ƙasarmu suka yi yaƙi da Jamus a Garwa da Mora cikin Kamaru, wasu har Afirka ta Gabas, da yawa ba su komo ba. Lalle tsinken da ka raina shi kan tsone maka ido.

Kaɗan gaba a bakin kogin akwai tsohon zauren majalisar gari, wanda daga baya ya zama ɗakin littattafai na ƙasa. Da Yugoslabiya ta wargaje, sojan Sabiyawan Bosniya suka hau duwatsun nan, suka tsare garin daga Afrilu 1992 zuwa Fabrairu 1996, kwana 1,425. Mutum fiye da 10,000 suka halaka. Cikin Agusta 1992 aka yi wa zauren ruwan wuta, littattafai da takardu wajen miliyan 2 suka zama toka. Mutanen gari kuwa suka haƙa rami mai tsawon mita 800 ta ƙarƙashin filin jirgin sama a 1993, ta nan abinci da magani ke shigowa. Ma'aikatan ɗakin littattafan Gazi Husref Beg suka yi ta ƙaura da littattafansu daga maɓoya zuwa maɓoya har suka tsira. An sake buɗe zauren a 2014, amma abin da ya ƙone ya ƙone.

Wanda ya zaga garin nan zai gane zaman tare ba gadon da ake ci a kwance ba ne. Mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna cin kasuwa ɗaya, su ne aka wayi gari suna binne 'ya'yansu a filin wasa. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.