Tsibirin Hirta: Mutanen da Tsuntsayen Teku Suka Ciyar

A yammacin Sikotlan, can cikin tekun Atlantika, akwai wasu 'yan tsibirai da ake kira Sant Kilda, kimanin kilomita 64 daga tsibirin Uist ta Arewa. Babbansu shi ne Hirta, kuma a nan mutane suka zauna shekaru aru-aru, suna magana da harshen Gelik. Da marubuci Martin Martin ya ziyarce su a 1697, ya tarar da mutum kusan 180.

Ƙasar noma kaɗan ce, sai ɗan sha'ir da tumaki. Teku kuwa ba ta cika barin ƙaramin kwalekwale ya fita kamun kifi ba. Saboda haka abincinsu yana jikin duwatsu, inda tsuntsayen fulma da ganet da fafin ke yin sheƙa dubbai. Namiji zai ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka ba takalmi a gefen dutse mai tsawon ɗaruruwan mitoci, ɗan'uwansa na riƙe da igiyar daga sama. A ci ƙwai da nama, a kunna fitila da man fulma, gashin kuma a haɗa shi cikin abin da ake biyan mai tsibirin, sarkin zuriyar MacLeod na Dunvegan. Ragowar naman a shanya shi a ƙananan ɗakunan dutse masu shan iska, kamar rumbunanmu. Sama da dubu suna nan tsaye har yau.

Abin da ya fi burge ni shi ne rabon. Kowace safiya maza kan taru a tsakiyar ƙauye su yanke aikin ranar, kuma tsuntsayen da aka kamo a kasa su gida-gida, har da gidan tsoho da na matar da mijinta ya rasu.

Sun sha wuya ƙwarai. A 1727 annoba ta kusa share ƙauyen, har aka rasa masu tuƙa kwalekwale su ɗauko maza uku da yara takwas da suka je kamun tsuntsu a dutsen Stac an Armin. Wata tara suka yi a can, kuma dukansu suka rayu. Cutar tetanus ta daɗe tana kashe yawancin jarirai a makon haihuwa. A 1852 mutum 36 suka tafi Ostareliya, kusan rabinsu suka rasu a tafiyar.

Tsuntsaye ba su ƙare ba, masu ƙarfin hawan dutse ne suka ƙare, domin bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya samari sun yi ta ficewa. Ranar 29 ga Agusta, 1930, jirgin ruwan Harebell ya kwashe mutum 36 da suka rage, bisa roƙonsu. Aka kai yawancinsu ƙauyen Lochaline da ke gaɓar Sikotlan, aka ba mazan aikin gandun daji, alhali tsibirinsu ko itace ɗaya babu.

Hukumar UNESCO ta sa Sant Kilda cikin wuraren gadon duniya a 1986. Tsuntsayen teku kusan miliyan ɗaya ke zuwa hayayyafa a can, sai dai ƙidayar 2023 ta nuna fulma ta ragu da fiye da rabi tun 1999, duk da cewa babu mai farautarta yanzu.