Jiragen Katako da Suka Je Yaƙi

A daren 7 ga Disamba, 1941, sa'o'i kaɗan bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, jiragen yaƙin Amurka shida suka taso daga jirgin ruwan Enterprise domin su sauka a sansanin. Dakarun ƙasa, waɗanda firgici bai sake su ba tun safe, suka buɗe musu wuta. Matuƙa uku suka mutu a hannun 'yan'uwansu. Birtaniya ta riga ta ɗanɗana irin wannan ɗaci: ranar 6 ga Satumba, 1939, kwana uku da shigarta yaƙi, jiragen Spitfire suka harbo Hurricane biyu na rundunarsu, matuƙi ɗaya ya rasa ransa.

Matsalar ta ido ce. Jirgin da ke gudun kilomita 500 a awa ba ya bai wa mai bindiga fiye da 'yan daƙiƙu ya tantance na gida ne ko na abokan gaba. Hoton takarda kuwa gefe ɗaya yake nunawa, alhali jirgi na iya ɓullowa ta kowace kusurwa. Soja yana buƙatar abin da zai riƙe a hannu, ya juya shi, har siffarsa ta zauna masa a ƙwaƙwalwa.

Masu ƙera ƙananan jirage don nishaɗi sun daɗe da wannan abu a ɗakunansu. A 1932 aka fara sayar da jiragen katako na Skybirds a Ingila, waɗanda matashi James Hay Stevens ya zana bisa ma'aunin 1:72, wato inci ɗaya a madadin ƙafa shida. A 1936 kamfanin FROG ya fito da irinsu na roba a kan wannan ma'auni.

A farkon 1942 rundunar sojan ruwan Amurka, tare da ofishin ilimi na ƙasar, ta nemi ɗaliban sakandare su sassaƙa jirage 500,000: iri 50, kowane guda 10,000, na Amurka da ƙawayenta da na abokan gaba. An zaɓi 1:72 saboda lissafinsa: samfurin da aka rataya a nisan ƙafa 35 yana bayyana ga ido daidai da jirgin gaske da ke kusan rabin mil. Baƙin fenti ake shafa musu, domin daga nesa launi yana ɓacewa, siffa kaɗai ke saura. Sai an duba kowane samfuri kafin a karɓa, don fiffiken da ya karkace zai koya wa soja ƙarya, ƙaryar kuma tana iya cin rai. Ladan ɗalibi shi ne takardar shaida mai muƙamin girmamawa, wanda ke hawa gwargwadon yawan jiragen da aka karɓa daga hannunsa. Daga baya masana'antu suka karɓi aikin, suna zuba samfuran da roba.

Wannan ya magance matsalar gane jirgi. Saura ta harbinsa, kuma nan ma daga shagon kayan wasa maganin ya fito. Reginald Denny, ɗan fim ɗan asalin Ingila da ya yi aiki a rundunar sama lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya buɗe shagon sayar da ƙananan jirage a Hollywood a tsakiyar shekarun 1930. A lokacin, masu bindigar kakkaɓo jirage suna atisaye ne kan ƙyallen da wani jirgi ke ja a bayansa, wanda ba ya kauce wa harsashi. Denny ya ga cewa ƙaramin jirgin da ake sarrafawa da rediyo daga ƙasa zai iya lanƙwasa da kaucewa, kuma in an harbo shi ba a yi asarar kowa ba. Kamfaninsa, Radioplane, ya ƙera wa sojoji kusan 15,000 a lokacin yaƙin, ciki har da OQ-2 mai fiffike kusan ƙafa 12, wanda ake cillawa sama da majajjawar inji, a sauko da shi da lema. Cikin ma'aikatan masana'antar akwai wata matashiya da duniya ta sani daga baya da sunan Marilyn Monroe. A 1952 kamfanin Northrop ya sayi Radioplane, kuma magajinsa, Northrop Grumman, shi ya ƙera Global Hawk, ɗaya daga cikin manyan jirage marasa matuƙa na leƙen asiri.

Da yaƙi ya ƙare, wasan ya koma hannun masu shi ɗauke da tabon soja. A shekarun 1950 kamfanin Airfix ya cika shagunan Birtaniya da Spitfire na roba mai araha a ma'aunin 1:72, wanda faɗin fiffikensa bai kai santimita 16 ba. Masu tashin manyan samfura da rimot kuma suna ɗaukar watanni suna bin tsofaffin hotuna, domin lambar jirgi da fentinsa su dace da na ainihi.

Sai dai arhar da ta ja hankalin sojoji a wancan zamani ita ce ke tsorata hukumomi a yau. A Yukren, dubban jirage marasa matuƙa da ke farautar tankokin yaƙi ana harhaɗa su ne da injina da batura da kyamarorin da aka ƙera don masu tsere na nishaɗi. Amurka ta wajabta rajistar duk abin tashi da ya kai giram 250 a Disamban 2015. Birtaniya ta bi sahu a 2019, shekara guda bayan rahotannin ganin jirage marasa matuƙa sun rufe filin jirgin Gatwick, aka soke tashin jirage kusan 1,000. Dokokin biyu sun haɗa har da dattijon da ke tashin Spitfire na katako a filin ƙauye ranar Lahadi. Gwamnatin da ta bai wa ɗalibin 1942 muƙamin girmamawa saboda hannunsa ya iya ƙera jirgi, yanzu tana neman jikansa ya rubuta lambar rajista a jikin nasa kafin ya tashe shi.