Shekarar 1990 da rigimar Kyoto

Yau zan kai ku birnin Kyoto na Japan, cikin watan Disamba na 1997, inda wakilan ƙasashen duniya suka yi ta ja-in-ja kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Da ƙyar aka cimma matsaya: ƙasashe masu masana'antu su rage kusan kashi 5 cikin 100 tsakanin 2008 da 2012. Tarayyar Turai ta ɗauki kashi 8, Amurka 7, Japan 6. To amma a rage daga ina? Nan fa gizo ke saƙar. Aka ce ma'aunin shi ne abin da kowa ya fitar a 1990.

Ni da farko na ɗauka shekara ce kawai aka zaɓa. Ashe ba haka ba. Ku duba Rasha: Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, masana'antu suka durƙushe, hayaƙinta ya zube da kansa. Aka ce mata kar dai ta wuce na 1990. Wato ba abin da za ta rage, har rara ta samu da za ta iya sayar wa wasu! Jamus ma ta ci riba, don tsofaffin masana'antun Jamus ta Gabas sun rufe bayan haɗewar 1990. Birtaniya kuwa lokacin tana barin kwal tana komawa iskar gas.

Amurka fa? Nata hayaƙin ƙaruwa ya yi ta yi tun 1990, don haka kashi 7 ɗin nan ya fi yadda yake a takarda nauyi. Ba wai ina wanke ta ba ne, ita ce ta fi kowa fitarwa a lokacin. Tun watan Yuli ma, Majalisar Dattawanta ta kaɗa ƙuri'a 95, ba ko ɗaya da ya ƙi, cewa ba ta son yarjejeniyar da ta ƙyale ƙasashe masu tasowa irin su Sin da Indiya. A 2001 Shugaba Bush ya juya mata baya gaba ɗaya. Sai da Rasha ta amince sannan ta fara aiki, a Fabrairun 2005.

Da aka zo Paris a 2015, kowa ya zo da shekararsa a aljihu. Turai ta riƙe 1990. Amurka ta ce za ta rage kashi 26 zuwa 28, amma daga 2005, lokacin da hayaƙinta ke dab da ƙololuwa.